Wuce Gona da Iri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona a ƙasar Birnin Gwari ran da aka yi ruwan shuka, ya ga manomi yana sara da sungumi, yaro na biye da shi yana jefa ƙwayar dawa uku ko huɗu a rami yana rufewa da diddige, har su kai iyaka su juyo, to ya ga abin da malamai ke kira i'itidali, wato tsaka-tsaki, tun bai buɗe littafi ba. Gama in Bahaushe zai zargi mai zafin kai, cewa yake ya wuce gona da iri. Irin kuwa mai kyau ne, aibinsa ɗaya, an zuba shi a hurumin da ba na mai shi ba.

Imam Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa kowace ɗabi'a ta gari tana zaune ne tsakanin ifraɗi da tafriɗi, wato wuce iyaka da gazawa, kamar yadda jaruntaka take tsakanin ragwanci da ganganci. Dajin Kamuku da na Kuyambana sun fassara mana wannan magana da jini. Makiyayin da aka kore wa shanu yana da haƙƙi, manomin da aka kashe wa ɗa yana da haƙƙi, amma da ɗayan ya ƙone ƙauye, ɗayan ya faɗa wa rugar da ba ta san hawa ba balle sauka, sai haƙƙin ya rikiɗe ya zama zalunci. Haka 'yan Ansaru, waɗanda suka ɓalle daga Boko Haram a 2012, suka ɗauki kishin addini suka kai shi guluwwi, wato wuce gona da iri.

Sai dai akwai wata fahimta da nake tsoro, wadda ke ɗaukar tsaka-tsaki a matsayin raba laifi biyu tsakanin azzalumi da wanda aka zalunta, alhali wannan tafriɗi ne da ya ari rigar hikima. Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara, alheri ne, muna kuma roƙon Allah Ya ɗorar da shi. Amma ina kira ga malamanmu da masu sarauta da su nemi gwauraye da marayun ɓangarorin biyu, makiyaya da manoma, su saurare su, a san abin da kowa ke bi, a biya shi.