Wa Zai Tallabi Mai Tallabar Jama'a?

Akwai raunin da ba ya zubar da jini. Wanda ya tsira daga yaƙi ko fyaɗe yakan kwana yana firgita, abin da ya wuce yana komo masa kamar yau ya auku. Likitocin Amurka sun shigar da wannan ciwo cikin kundin cututtukansu a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam.

Cikin waɗanda suka tsayu ga wannan aiki akwai Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa kuma malama a jami'ar Harbad. A littafinta na 1992 ta kasa jinyar kashi uku: a fara samar wa majinyaci aminci, sannan ya ba da labarinsa ya yi kukan abin da ya rasa, daga baya ya koma cikin mutane. Ta kuma yi gargaɗi cewa mai jinyar ba ya iya aikin shi kaɗai.

To, shin daidai ne mutum ya riƙa karɓar baƙin cikin jama'a, babu mai duba shi? A 1990 masana halayyar ɗan Adam biyu, Lisa McCann da Laurie Pearlman, sun bayyana cewa mai yawan sauraron labarin azaba, raunin yakan yi naso zuwa zuciyarsa, har ya daina amince wa mutane. Saboda haka ake ɗora sabon ma'aikaci ƙarƙashin babba: lokaci lokaci su zauna, ya faɗi yadda jinyar ke tafiya, babban ya gyara masa, ya kuma tambayi halin zuciyarsa.

Wani zai ce wannan ƙarancin haƙuri ne. Mu kuwa muna ganin riƙon amana ne. Wanda ya gaji ya ɓoye gajiyarsa zai gaggauta, ya fama miki kafin aminci ya samu, cutar kuwa kan mai rauni za ta faɗa. Ko a zaurukan ilimi ba a barin almajiri ya yi fatawa sai malami ya auna karatunsa.

Tun harin Boso da Difa na 2015, limamai da ma'aikatan asibiti nawa suka saurari abin da ke hana barci? Haƙƙinsu ne a kanmu kowane ɗaya ya sami babban da zai saurare shi. Allah ya warkar da zukata, ya ƙarfafi masu jinyarsu. Amin.