Amanar Baƙo a Birnin Rotadam

Shin mutum zai iya riƙe amanar garin da ba a binne cibiyarsa a cikinsa ba? A wurina wannan tambaya ce ta addini kafin ta zama ta siyasa, kuma rayuwar Ahmed Abutalib ce ke sa ni yawan juya ta.

An haife shi a 1961 a ƙauyen Beni Sidel da ke duwatsun Rif a Maroko, mahaifinsa limami ne. Yana ɗan shekara 15 ya sauka Holan. Ya karanta fannin lantarki, ya taɓa aikin jarida, a 2009 kuma ya zama magajin garin Rotadam, birnin da tashar jiragen ruwansa ta fi kowace girma a Turai. Bai sauka ba sai 2024.

Ta ko'ina an soke shi. Masu ƙyamar baƙi suka ce mai fasfo biyu zuciyarsa biyu ce. Wasu Musulmi suka ce ya juya wa 'yan'uwansa baya, domin bayan kisan mai shirya fina-finai Theo van Gogh a 2004 ya miƙe a cikin masallaci a Amsterdam, ya ce wanda ba zai iya zama da tsarin ƙasar ba ya kama hanya. Daga nan sai da masu tsaro yake fita.

Ni ban ga cin amana a nan ba. Annabi Yusuf (AS) baƙo ne a Masar, a matsayin bawa ma ya shigo ta, amma da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasar, ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya gabatar shi ne iya tsarewa da sanin aiki, ba asali ba. Duk wanda ya karɓi ragamar gari, mutanen garin ne za a tambaye shi a kansu gobe kiyama, Kirista da Musulmi da marar addini, ma'aikacin tasha da mai shara.

Inda nake jin ciwo shi ne Janairun 2015, lokacin da ya maimaita a talabijin, da kakkausar murya, cewa mai ƙin 'yanci ya tattara kayansa. Shi yana da ƙauyen da ya baro. Yaron da aka haifa a kudancin Rotadam, wanda Larabcinsa ko Berbancinsa bai wuce na gaisuwa ba, ina zai kai jakarsa? Shi ma yana cikin amanar.