Lauyan Gwamnati da Gonar Talaka

'Yan'uwa ɗalibai, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 dole ya ratsa gonaki. A Nijar, dokar 1961 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma sai ta biya diyya tukuna. To, lauyan gwamnati, wa yake wa aiki? Manomin Madarunfa da ba shi da takarda, sai gado da shaidar maigari, ai shi ma jama'a ne. Dokar karkara ta 1993 ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda. Lauyan da ya san haka ya yi gum don aiki ya yi sauri, ya ci amanar doka. Masu karatun shari'a, ku riƙe wannan tun kafin albashi ya fara shigowa.