Farashin Kariya a Lokacin Annoba

Da cutar korona ta shigo Nijar a watan Maris na shekarar 2020, har hukuma ta rufe masallatai da makarantu, sai wani bambanci ya bayyana wanda ya cancanci nazarin malamai: a manyan kantunan Yamai da Kano, inda kaya suke da tsada, a wancan lokaci ana zuba wa mai shiga maganin wanke hannu tun daga ƙofa, alhali a kasuwannin ƙasar Magarya da Dungas, inda mutumin garin Kwaya yake auno tiyar gero, jama'a kafaɗa da kafaɗa suke, ruwan ma saye ake yi.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, ba su kuwa rataya shi ga wadata ba. Ban ga laifin mai ƙaramin jari ba, domin ribarsa ba ta ɗaukar kuɗin sabulu da takunkumi. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya farillar kifaya ce, aikin hisba ne kuma, wanda ya hau kan sarkin kasuwa da hukumar da take karɓar harajin rumfuna kowace ranar kasuwa.