Inda Inshora Ta Tsaya, Wa Zai Biya Sauran?

Ga tambayar da ta shafi duk mai riƙe sitiyari. Direba ya buge mutum da ganganci, kotu ta yanke diyya, kamfanin inshora ya biya abin da ke rubuce a takarda, amma kuɗin bai kai ba. Sauran yana wuyan wa?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun ranar 1 ga Janairu 2025, inshora mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da ita domin raunin mutum ɗaya dala 30,000 ce. Kafin nan 15,000 ce. Wanda ya karye a gadon baya, jinyarsa takan wuce wannan nesa. Kotu tana iya ɗora ragowar a kan direban, har a riƙa yanka daga albashinsa. Mu ma a Nijeriya mun san iyaka irin wannan wajen ɓarnar dukiya: a 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar biyan ɓarna kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai takardar jabu kuwa, nauyin duka a kansa yake.

Wani zai ce, na biya inshora, na cika doka, na wanke hannuna. Amma mu lura: iyakar nan yarjejeniya ce tsakanin direba da kamfani. Wanda aka buge bai sa hannu a kanta ba. Kamfani ya yi alkawarin ɗaukar wani kashi na bashin, bai rage girman raunin ba. Ƙafar da ta karye ba ta san adadin da ke takarda ba, haka ma 'ya'yan da suka rasa kuɗin makaranta domin ubansu yana kwance.

Littafin Fitowa, sura 21, ya ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni abu biyu: ya biya lokacin da mutumin ya yi hasara, ya kuma lura da jinyarsa har ya warke. Katekisim na 1992 ya koyar cewa wanda ya cuci maƙwabcinsa wajibi ne ya gyara ɓarnar, ko da an gafarta masa zunubin. Ku tuna kuma da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya ba mai masauki dinari biyu, ya yi alkawarin cika duk abin da aka kashe fiye da haka. Shi da ba shi ya ji raunin ba bai tsaya a dinari biyu ba, balle wanda hannunsa ya jawo.

Amma adalci ba ya neman abin da babu. Direban da ba shi da hali ba a ce ya bar iyalinsa da yunwa ba. Sai ya biya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa, ya je asibiti ya duba, ya nemi sulhu. Abin da ba shi da hujja shi ne ya mai da gida ko gona da sunan ɗan'uwa don kada kotu ta taɓa. Wanda aka ji wa rauni shi ma kada ya ƙara gishiri, ya mai da tsautsayi kasuwa. Yafiya tasa ce, in ya ga dama. Mai laifi ba zai yafe wa kansa ba.

Saboda haka, mai mota ya yanki inshora ta gaskiya, mai hali ya ƙara iyakarta tun kafin rana ta ɓaci. In tsautsayi ya auku, ya tambayi lamirinsa abin da ya rage wa maƙwabcinsa. Ubangiji ya kiyaye mu a hanya. Amin.