Haƙƙin Wanda Bai Fito a Shafin Farko Ba

Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 16. In aka jera su bisa haruffa, Ardo Kola ce ke buɗe layi, Zing ce ke rufewa. A ce manhajar wani ofishi a Jalingo an gina ta ne ta riƙa nuna layi 10 kacal a kan allo: ma'aikaci zai ga daga Ardo Kola zuwa Lau, su kuwa Sardauna da Takum da Ussa da Wukari da Yorro da Zing sai an juya shafi. Wannan ba zai cuci kowa ba, domin babu ɗan Taraba da zai manta da Wukari don bai gan ta a allo ba. Amma jerin da ake yankewa a kullum ba na ƙananan hukumomi ba ne, na mutane ne: masu neman gurbi a Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, majinyata a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, manoma masu jiran taki, magidanta da ke cikin rajistar marasa galihu. Babu wanda ya haddace waɗannan, saboda haka wanda allo bai nuna ba tamkar babu shi ne a idon mai yanke hukunci. Tambayar da ta kamata a yi ita ce ko akwai haƙƙi a wuyan wanda ya rubuta umarnin da ya datse jerin. A ganina akwai, sai dai ba a datsewar kanta yake ba.

Kafin hukunci sai an san yadda abin yake aiki. Tsarin ajiye bayanai a jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, an gina shi ne a kan cewa layukan jadawali ba su da na gaba ba su da na baya. Tari ne kawai, sai mai tambaya ya faɗi yadda yake so a jera masa. Harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wato SQL, yana da umarnin jerawa daban, yana da na iyakancewa daban, kuma kowane rumbu da irin lafazinsa: MySQL da PostgreSQL suna amfani da LIMIT, SQL Server na Microsoft yana da TOP, Oracle ya daɗe da ROWNUM. Da yawa daga masu gina manhaja a yau ba sa rubuta wannan harshe da hannunsu. Suna da tafinta a tsakani, abin da ake kira ORM, irin su Hibernate da Gavin King ya fara a 2001, da wanda ke cikin Django da ya fito a 2005, da Eloquent na Laravel. Mai rubutu zai ce a ba shi ɗalibai 20, tafinta ya juya maganar zuwa lafazin da rumbun ke ji. A Django ma bai wuce a sa lamba a ƙarshen layi ba. Sauƙin ya kai ga mutum zai datse jerin mutum dubu ba tare da ya ji a jikinsa cewa ya zaɓi wasu ya bar wasu ba, kuma a nan maganar ta bar hannun injiniya kaɗai.

Wanda zai ce mafita ita ce a daina iyakancewa, a riƙa zubo komai, bai san aikin ba. Masu rajistar zaɓe a Taraba sun haura miliyan 2 a zaɓen 2023. In ma'aikaci a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ya buɗe wayarsa manhaja ta ce sai ta sauko masa da kowane suna kafin ta nuna masa ɗaya, datarsa za ta ƙare, wayar ta tsaya, babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun ta cushe, sauran masu aiki a Zing da Ibi su zauna jira. Wannan almubazzaranci ne, kuma Suratul A'arafi ta hana wuce iyaka ko a ci da sha, balle a dukiyar jama'a. Ban da haka, idon ɗan Adam da hankalinsa ba sa ɗaukar layi dubu a zama ɗaya. Karatunmu na zaure ma a kan taƙaitawa aka gina shi. Ana fara yaro da Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Risala, ba wanda ya taɓa cewa an ha'ince shi don ba a buɗe masa Mudawwana ranar farko ba. Malaman hadisi sun tattauna wannan mas'ala da sunanta, wato ko ya halatta a kawo yankin hadisi a bar saura, kuma abin da Ibnu Hajar ya tafi a kai a Nukhbatul Fikar shi ne ya halatta ga masani wanda ya san abin da ke canja ma'ana. Ashe ba su hana yankewa ba, sharaɗi suka sa wa mai yankan.

Sharaɗi na farko a wannan aiki shi ne a san da wane ma'auni aka jera kafin a datse. Littafin jagorar PostgreSQL da kansa yana gargaɗin cewa wanda ya iyakance sakamako bai faɗi yadda za a jera ba, ba shi da tabbacin waɗanne layuka zai samu, kuma Django yakan fitar da gargaɗi idan aka kasa jeri shafi-shafi ba a ba shi ma'auni ba. Amma ko an ba da ma'aunin, magana ba ta ƙare ba, domin kowane ma'auni yana da wanda yake ɗagawa da wanda yake dannewa. In aka jera da haruffa, su Abubakar da Adamu da A'isha ne a sama kullum, su Yakubu da Zainab da Zakari a ƙasa kullum. In aka jera da wanda ya riga yin rajista, mutanen unguwannin Barade da Sintali da Turaki, masu sabis a cikin garin Jalingo, sun ci riba a kan na ƙauyukan Karim Lamido da sai sun hau babur kafin su sami inda waya ke kamawa. In aka jera da sabon shigowa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana jira ita ce za ta nutse. Musulunci ya san nauyin wannan tun zamanin Sayyidina Umar. Da ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali, wajen shekara ta 20 bayan hijira, abin da aka fara muhawara a kai shi ne da wa za a fara. An ba shi shawarar ya fara da kansa, ya ƙi, ya ce a fara da dangin Manzon Allah (SAW), sannan mafi kusa sai mafi kusa, nasa dangin Banu Adiyyi su tsaya inda jerin ya ajiye su. Kuma ya saɓa wa Sayyidina Abubakar, wanda ya raba daidai wa daida, shi ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci, har ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000. Ba sai an tsaya tantance wanne ya fi dacewa a cikin su biyun ba. Abin lura shi ne kowannensu ya bayyana ma'auninsa a bainar jama'a, ya kawo hujjarsa, aka ji, aka yi masa gardama. Jerin da ba wanda ya san ma'auninsa ba shi da inda za a kama a yi masa gardama.

Akwai wata hujja mai wayo da za a iya kawowa: idan rumbu ya zaɓo 20 ba tare da ma'auni ba, ai ƙuri'a ce, kuma ƙuri'a halal ce, tunda Alƙur'ani ya ambace ta a renon Nana Maryam da a labarin Annabi Yunusa, kuma Annabi (SAW) yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Hujjar tana da kyan ji, amma ba ta tsaya ba. Ƙuri'ar shari'a ana yin ta ne tsakanin waɗanda haƙƙinsu ya zo daidai, kowa yana da rabo guda a faɗuwarta, kuma an san ana yin ta. Rumbun bayanai ba ya jefa ƙuri'a. Yana miƙo abin da ya fi masa sauƙin ɗaukowa ne, galibi layukan da ya fara tararwa a inda ya ajiye su, don haka mutane iri ɗaya ne za su yi ta fitowa yau da gobe, har ranar da aka gyara wani abu a rumbun jerin ya sauya ba sanarwa. Wanda yake son ƙuri'a da gaske dole ya umarci rumbun ya cakuɗa, ya kuma rubuta a fili cewa cakuɗawa aka yi.

Sharaɗi na biyu, wanda na ɗauka ya fi na farko nauyi, shi ne a faɗa cewa an yanke. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi, ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya nisanta mai algus daga tafarkinsa. Laifin mai hatsin ba a jiƙewar yake ba, ruwan sama ne ya jiƙa shi. Laifinsa shi ne ya bar mai saye ya ɗauka abin da ke sama shi ne hoton duka tarin. Allon da ya nuna suna 100 bai rubuta cewa daga cikin 3,000 aka cire su ba, shi ma haka yake yi wa darakta ko kwamishinan da zai sa hannu. Kuma ba ƙasa irin tamu kaɗai abin ke ci ba. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, sakamakon mutum 15,841 da aka tabbatar sun kamu da korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda hukumar lafiya ta zuba bayanan a tsohon tsarin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika sai ya riƙa zubar da saura shiru, aka yi kwanaki ba a bi sawun waɗanda majinyatan suka yi cuɗanya da su ba. Can ba tafinta ne ya jawo ba, amma cutar ɗaya ce, iyaka ce da ba ta yi magana ba. Shi tafintan ma yana da nasa ramin da ya fi wannan ɓoyuwa. A ce an haɗa jadawalin magidanta da na iyalansu, sai kowane magidanci ya zama layi da yawa gwargwadon matansa da 'ya'yansa. In aka ce a tsaya a layi 20, ana iya samun gida 3 kacal, na ukun ma an datse shi a tsakiya, mai 'ya'ya 9 ya fito da 4. Don gudun haka, Hibernate ya daɗe yana kwaso dukkan layukan zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yanke a can, ya bar ɗan gargaɗi a kundin da ba kowa ke karantawa ba. Wanda bai taɓa duba abin da tafintansa ke faɗa wa rumbu ba, bai san wanne daga cikin biyun yake aikatawa ba.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren mai gina manhaja ita ce ta niyya. Zai ce ayyuka da niyya suke, shi bai nufi cutar da kowa ba, bai ma san Zainab ɗin da ke ƙasan jeri ba, ɗan kwangila ne da aka ce ya sa allo ya yi sauri. Gaskiya ne, kuma ba na ganin adalci ne a kira shi azzalumi. Sai dai fiƙihu ya raba tsakanin zunubi da lamuni. Kuskure yana ɗauke zunubi amma ba ya ɗauke biyan abin da aka ɓata, shi ya sa Suratun Nisa'i ta ɗora diyya a kisan kuskure, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin abin da ya biyo baya. Mazhabar Malikiyya da ake bi a Muri da sauran ƙasar nan ta ƙara da ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan mutane da ke hannunsu, don maslahar jama'a. Sunan mutum a rajista amana ce da ta fi yadin shadda. Kuma ba Musulmi kaɗai wannan ya shafa ba, a gari irin Jalingo da masallaci da coci suke maƙwabtaka: sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin gwaurayen Helenawa da ake tsallakewa a rabon abinci na kullum, manzanni kuwa ba su tsaya binciken wa ya yi da gangan ba, sai suka sa a zaɓi mutum 7, ciki har da Istifanas, su riƙe rabon. Sun ɗauki tsallaken a matsayin aibin tsari da ke buƙatar mai ɗaukar nauyinsa.

Duk da haka, ba zan sauke kayan duka a kan yaron da ya rubuta layin ba. Sau da yawa ba wanda ya gaya masa da me za a jera, sai ya bar abin da tafinta ya zo da shi, alhali zaɓen ma'auni hukunci ne na shugaban ofis. Masu cewa ai shafi na biyu yana nan, wanda ya so ya danna, sun manta cewa takardar da ake bugawa a kai wa mai sa hannu ba ta da abin dannawa. Saboda haka ina kira ga masu ba da kwangilar manhaja a ma'aikatunmu da makarantunmu da asibitocinmu su rubuta ma'aunin jerawa a cikin yarjejeniya da hannunsu, su kuma ƙi karɓar duk allon da bai nuna jimillar da aka yanko daga cikinta ba. Malaman da ke koyar da ilimin kwamfuta a Jalingo kuma su daina ba ɗalibi maki a kan tambayar da ta iyakance ba ta jera ba, ko da sakamakon ya fito daidai a ranar jarrabawa.