Gyangyaɗi a Kan Sitiyari: Aikin Wa Ke Nan?



A ce direba ya taso daga Kano da lodin tumatir zuwa kasuwar Mile 12, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ya wuce Ibadan, gyangyaɗi ya sace shi, mota ta bi ta kan mai babur. Da ya dawo hayyacinsa ya rantse bai san lokacin da abin ya faru ba, kuma gaskiya ya faɗa. To, wannan aiki nasa ne ko ba nasa ba?

Malamanmu sun raba abu biyu da mu 'yan kasuwa muka saba haɗawa: zunubi daban, hakki daban. Mai barci da mai mantuwa da wanda aka tilasta wa, ba a rubuta musu zunubi. A shekara ta 7 bayan Hijira, a hanyar dawowa daga Khaibar, an sa Bilal (RA) tsaron asuba, barci ya kwashe shi har rana ta fito. Ba a hukunta shi ba, amma sai da aka tashi aka rama sallar. Haka a mazhabar Imam Malik, wanda ya ci abinci da mantuwa a Ramadan babu kaffara a kansa, amma zai rama wannan rana.

Rai kuwa ya fi nauyi. Kisan kuskure yana da diyya, asalinta raƙuma 100, kuma dangin mai kisan na wajen uba ne ke haɗa ta, shi kuma ya yi azumin wata 2 a jere. Ba don zuciyarsa ta yi nufi ba, sai don hannunsa ne ya bar marayu. "Ƙaddara ce" magana ce ta gaskiya, amma ta fi kyau a bakin iyalan mamaci fiye da bakin direba.

Sannan akwai abin da ba mu so a taɓo. Barcin bai zaɓa ba, amma kwana biyu da ya yi ido buɗe yana tauna goro, wani ma har da ƙwaya, wannan da saninsa ya yi. Kuma wa ya hana shi tsayawa? Sau da yawa Alhaji mai kaya ne, yana nan Agege, yana buga waya kowace awa: tumatir zai ruɓe, lallai mota ta shigo kafin asuba.